Kwana biyar da ajiye maganin damuwa, kaina kamar ana jona masa wuta

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Shekara uku ke nan ina shan sertraline, miligiram 100 kullum da safe. Ba zan yi masa butulci ba, ya yi min rana. Lokacin da aka ɗora ni a kansa ko wanka sai an yi da gaske nake iya tashi in yi. Da muka ga na fi shekara ɗaya lafiya ƙalau, sai ni da likita muka yanke shawarar in sauka. Ya ce in koma 50 na sati biyu, sai 25 na sati biyu, sannan in ajiye. Daga 100 zuwa 50 ban ji komai ba, har ina cewa ashe abin ba wuya. Daga 50 zuwa 25 na ɗan yi jiri na kwana uku ya wuce. Ranar Asabar na sha ta ƙarshe.

Ranar Talata ina shanya kayan yara, ƙaramin ya kira ni, na juya ido ke nan sai na ji wani abu ya yi "zit" a cikin kaina, kamar mutum ya taɓa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu. Bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma sai da na dafa bango. Tun daga nan duk juyin ido sai ya yi. Ga jiri, ga tashin zuciya, ga gumi da dare har sai na canza riga. Mafarkai kuwa kamar a farke nake yin su. Jiya babbar ta yar da cokali, cokali kawai, na daka mata tsawar da ni kaina sai da na tsorata, daga nan na shige banɗaki na yi ta kuka ban san kukan me nake yi ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne: ciwon ne ya dawo? Ko dai ni ba zan taɓa iya rayuwa ba tare da maganin nan ba? In koma ne ko in daure? Ranar da aka ba ni in koma wurin likita sai nan da sati uku.

Ƙanwar Kowa:
Wa alaikumus salam Anti. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Wannan "zit" ɗin na san shi kamar yunwar cikina. Ni paroxetine na sha, kuma tun kafin in fara ragewa, in na manta ban sha ba kwana ɗaya, washegari da yamma sai ya gaishe ni. Har wani ɗan sauti nake ji tare da shi, shuu, kamar an ja labule da sauri a bayan kunnena. Na je an duba min ido, an duba kunne, an auna hawan jini, aka ce komai lafiya. Sai daga baya na gane ashe maganin ne ke ƙarewa a jikina.

Ki kwantar da hankalinki, ba hauka kike yi ba. Kuma kar ki jira sati ukun nan, ki neme shi gobe.

Gaskiya Ɗaci:
Malama ki daure kawai. Kin riga kin ci kwana biyar, in kika koma kin yi wahalar banza. Dama magungunan nan ƙwaya ce kamar kowace ƙwaya, an dai sa mata rigar asibiti ne. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Ni rana ɗaya na zubar da nawa, na sha wuya sati biyu, ga ni nan garau.

Mai Harhaɗa Magani:
Malam Gaskiya Ɗaci, Allah ya ƙara maka lafiya, amma abin da jikinka ya ɗauka ba lallai nata ya ɗauka ba. Wata nawa ka yi kana sha, kuma wane magani? Wanda ya yi wata uku da wadda ta yi shekara uku ba tafiyarsu ɗaya ba.

Malama Uwar Biyu, ni ba likitanki ba ne, ba zan ce miki ki sha kaza ba, amma bari in faɗa miki yadda ake rarrabe abubuwan biyu, don ki je masa da magana a hannu.

Ki duba lokaci. Rabin sertraline ɗin da ke cikin jini yana fita ne a cikin kamar awa 26. Kin sha ta ƙarshe Asabar, zuwa Talata abin da ya rage kaɗan ne, kuma a ranar abin ya faro miki. Haka wahalar janyewar magani take, tana zuwa ne cikin 'yan kwanaki bayan an rage ko an daina. Shi kuwa ciwon damuwa in zai dawo yawanci lallaɓowa yake yi, sai an yi makonni ko watanni, mutum ya ga a hankali abubuwa suna fita daga ransa.

Sannan ki tambayi kanki: shekara uku da suka wuce, lokacin da kike kwance ba ki iya wanka, kin taɓa jin wannan wutar a kai? Kin yi jiri in kin juya ido? Ina kyautata zaton a'a. Ciwon damuwa ba ya zuwa da su. In aka ga sababbin baƙi irin waɗannan a jiki, kuma sun zo tare da kukan da saurin fushin a rana ɗaya, to gida ɗaya suka fito.

Akwai kuma abin da likitoci ke lura da shi: in janyewa ce, da an mayar da mutum kan adadin da yake sha na ƙarshe sai abin ya lafa cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ma kwana ɗaya ko biyu. In ciwon ne da kansa, magani sai ya ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kamar yadda ya yi miki da farko.

Abin da Ƙanwar Kowa ta faɗa na paroxetine ma daidai ne. Shi da venlafaxine su ne suka fi yin suna wajen wahalar da mutane, saboda ba sa daɗewa a jini. Rabin paroxetine kan fita cikin kusan yini da kwana, na venlafaxine kuwa kamar awa biyar, abin da hanta ke mayar da shi kuma kamar awa goma sha ɗaya. Fluoxetine shi ne mai nauyin ƙafa: kwana huɗu zuwa shida, abin da yake rikiɗewa ya zama ma ya fi haka daɗewa, don haka da kansa yake sauka a hankali. Amma shi ma in zai ba da wahala sai ya makara, mutum ya manta ma ya daina magani sannan abin ya iso.

Uwar Biyu:
Wallahi ban taɓa jin wutar nan ba sai yanzu. A da nauyi ne kawai, kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Wannan dabam ne. Amma abin da ya ɗaure min kai, na zubar da 50 gaba ɗaya ban ji komai ba, sai 'yar 25 ɗin nan ce za ta kayar da ni?

Mai Lissafi:
Yawwa, nan ne wurin da ni ma na sha ƙasa, har sau biyu, kafin in zauna in karanta.

Yaya, ki ɗauki busasshen tsumma ki zuba masa ruwa. Kofin farko shi ke jiƙa shi. Na biyu ya ƙarasa. Na uku da na huɗu yawanci ƙasa suke zuba. To haka maganin yake a ƙwaƙwalwa. Aikinsa ya toshe wasu 'yan ƙofofi da ke tsotse sinadarin sirotonin su mayar da shi cikin jijiya. Miligiram ɗin farko-farko su ke toshe mafi yawan ƙofofin, na sama kuwa ɗan abin da suke ƙarawa kaɗan ne.

A 2019 wasu masana biyu a Landan, Mark Horowitz da David Taylor, suka fitar da bayani a mujallar Lancet Psychiatry, sun yi amfani da hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka na masu shan magungunan. Misalin da na haddace na citalopram ne: miligiram 20 yana toshe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙofofin. In an ninka zuwa 40, bai wuce kusan kashi 86 ba. Amma ɗan miligiram 5 ɗin da ake rainawa yana riƙe da kusan kashi 60. Kin ga ke nan wanda ya sauka daga 40 zuwa 20 ɗan taki ɗaya ya yi, wanda kuwa ya sauka daga 5 zuwa babu daga kan katanga ya diro. Lambobin sertraline dabam ne, amma siffar ɗaya ce. Wannan 25 ɗin da kike cewa 'yar ƙarama, ita ce ke ɗauke da mafi yawan kayan.

Shi ya sa suka ce ragin ya riƙa ƙanƙancewa yayin da ake yin ƙasa. Ni abin da muka yi da likitana a karo na uku, kashi goma cikin ɗari na adadin da nake kai a lokacin, ba na wanda na fara da shi ba, a kowane ragi. A ce kina kan 25, sai 22.5, sai kusan 20, sai kusan 18, haka dai. Wasu suna iya rage kwata ko ma rabi duk bayan sati biyu zuwa huɗu su zauna lafiya, musamman waɗanda ba su daɗe suna sha ba. Ni dai jikina bai yarda ba. Wata goma sha huɗu na yi, kuma rabin lokacin a kan ƙananan lambobin ya tafi.

Gaskiya Ɗaci:
To ai ka gama ba ni gaskiya. Abin da sai ka yi wata goma sha huɗu kana lallashinsa kafin ya sake ka, in ba jaraba ba mene ne sunansa? Kuma da wannan lissafin naka na kashi goma, har ka tsufa ba za ka kai sifili ba.

Mai Lissafi:
Haha, wannan ka kama ni. Ba a kaiwa, sai dai in an zo ɗan mitsitsin adadi a ajiye. Ni ƙasa da miligiram ɗaya na ajiye.

Mai Harhaɗa Magani:
Maganar jaraba kuwa, Malam, a nan ba na tare da kai. Mai jarabar ƙwaya ransa ne ke biya masa, yana neman ƙari kullum, yana neman maye, ya sayar da abin hannunsa don ya samu. Ka taɓa ganin wanda ya haɗiye sertraline biyar don ya ji daɗi? Wannan sabo ne na jiki. Ƙwaƙwalwa ta daidaita kanta da zaman maganin, in an zare shi farat ɗaya sai ta rasa ma'auni. Wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya ma ba a yanke su rana ɗaya, ba wanda ke kiran masu shan su 'yan ƙwaya.

Inda kake da gaskiya shi ne an daɗe ana raina abin. Shekaru da yawa ana gaya wa mutane wai 'yar wahala ce ta sati ɗaya ko biyu. Sai a 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fito ta amince cewa ga wasu abin yana tsananta kuma yana daɗewa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ita ma ta gyara nata bayanin a shekarar. Don haka in ka ga likita bai ɗauki abin da zafi ba, wataƙila tsohon karatun ne a kansa.

Anti Nas:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni tsorona ɗaya: akwai masu karanta mu shiru waɗanda jiya aka rubuta musu magani, yanzu sun ga ana maganar wuta a kai, sai su jefa takardar a kwandon shara. Kuma wani cikinsu maganin nan ne tsakaninsa da kabari. A yi adalci.

Mafi yawan mutane suna sauka ba tare da sun shiga irin halin da 'yar uwarmu ta shiga ba. A 2024 an tattara bincike 79, mutum sama da dubu 21, aka buga a mujallar Lancet Psychiatry ɗin dai. Kashi 31 cikin ɗari na waɗanda suka daina magani sun ce sun ji wani abu. Amma har waɗanda ƙwayar bogi suka sha, wadda ba komai a cikinta, kashi 17 sun ce sun ji alamu da aka karɓe ta. In an cire wannan, kamar mutum ɗaya cikin shida ko bakwai ke nan maganin ne da kansa ya jawo masa. Masu tsanani kuwa kusan kashi 3.

Wanda ya sauka lafiya ba ya zuwa zaure ya rubuta. Masu ciwo ne ke magana, shi ya sa in ka shigo sai ka zaci kowa haka ne.

Mai Lissafi:
Anti, na yarda da ke a kan masu karatu shiru. Amma lambobin ba su gama zama ba. Akwai wani nazarin na 2019, na James Davies da John Read, su kashi 56 suka samu, kuma kusan rabin waɗannan suka ce abin ya yi musu tsanani. An soke su da cewa sun haɗa da tambayoyin da aka yi ta intanet, inda dama waɗanda suka wahala ne suka fi amsawa. Na 2024 ɗin kuma an soke shi da cewa da yawa daga binciken da ya tattara na mutanen da suka sha maganin 'yan makonni ne ko 'yan watanni. Yayarmu shekara uku ta yi. Kuma ko kashi 3 ne, in kai ne a ciki ai ɗari bisa ɗari ne a wurinka.

Anti Nas:
Ban musa ba ɗana. Ni dai a riƙa faɗin duka biyun.

Baƙon Dare:
Bari in kawo nawa, don ya saɓa da na kowa a nan.

Na sauka daga escitalopram a hankali, wata shida, ko jiri ban yi ba. Na yi murna, na gaya wa duk wanda ya san ina sha. Wata huɗu bayan nan sai na lura na daina ɗaga waya. Ba wani abu ba, in ta yi ƙara sai in zuba mata ido har ta katse. Sai farkawa ƙarfe uku na dare, in kwanta ina lissafa duk kuskuren da na taɓa yi tun ina yaro. Ba wuta a kai, ba gumi, ba komai. Tsohon baƙona ne, na gane takunsa, amma na ƙi yarda. Na yi wata biyu ina gaya wa kaina ai janyewa ce ta makara, saboda na karanta irin hirar nan da yawa kuma ina so ta zama hakan. Sai da aikina ya kusa tafiya na koma.

Wannan karo na uku ke nan da ciwon ya kama ni a rayuwa, kuma likita ya ce mai irin tarihina ya fi kyau ya daɗe a kan magani. Na koma, shekara biyu yanzu, kuma ba na jin kunyar hakan ko kaɗan.

Akwai gwajin da aka yi a Ingila, aka buga a 2021, mutum 478 da suka daɗe suna shan magani kuma suka ji sun warke har suna son dainawa. An bar rabi a kan maganinsu, rabi aka sauke su. Cikin shekara ɗaya ciwon ya dawo wa kashi 56 na waɗanda aka sauke, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Kowa na karanta shi yadda ya so. Wani ya ce ka ga dainawa na da haɗari, wani ya ce ka ga kusan rabi sun daina sun zauna lafiya, wani ma ya ce an sauke su da sauri ne har aka ƙirga janyewa a matsayin dawowar ciwo. Ni dai na san ɓangaren da na faɗa.

Malama, naki da alama ba irin nawa ba ne. Amma bayan kin gama sauka, ki ci gaba da sa ido na wasu watanni.

Sabon Shiga:
Salam. Ni da na yi irin wannan ciwon jikin wani abokina ya ba ni tramadol, kuma gaskiya na ji sauƙi sosai, har wutar kan ta ragu. Ko za ta gwada?

Mai Harhaɗa Magani:
A'a! Don Allah kar kowa ya gwada wannan. Ka ji sauƙi ne saboda tramadol shi ma yana taɓa sirotonin, ka ga ba sauka ka yi ba, canza jirgi ka yi, kuma zuwa wanda ya fi wuyar fita, don shi yana da jaraba ta gaske. In kuma aka haɗa shi da irin su sertraline sirotonin na iya yin yawa a jiki: zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa, har farfaɗiya. Ganyen nan da ake sayarwa da sunan St John's wort shi ma haka, kar a ce ai ganye ne. Su diazepam kuma da ake nema don barci, makonni kaɗan jiki ke kama su. Ɗan'uwa in har yanzu kana shan tramadol ɗin ka gaya wa likita, shi ma ba a yanke shi rana ɗaya.

Mijin Wata:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Maiɗakina ce ke ragewa yanzu, duk satin da aka rage sai gidan ya zama kamar filin yaƙi. In na yi magana laifi, in na yi shiru laifi. Ranar nan na ce mata "ko dai ki koma maganinki ne", wallahi kwana biyu ba ta kula ni ba. Me ya kamata in yi?

Ƙanwar Kowa:
Yaya ai kai ma ka taɓo inda ke ciwo. Wannan maganar a kunnenta "kin haukace" take nufi, ko da ba haka ka nufa ba.

Abin da ya cece mu ni da 'yan gidanmu ɗan littafi ne. Kullum da dare in rubuta adadin da na sha, awa nawa na yi barci, sai in ba ranar maki daga ɗaya zuwa goma. Bayan ragi uku sai ga abin ya fito fili: kwana na uku zuwa na bakwai su ne masu zafi, zuwa na goma sha biyu na dawo daidai. Da na gane haka sai tsoron ya ragu da rabi, don in ina cikin kuka ina iya buɗe littafin in ga watan jiya ma ranar huɗu haka na yi, kuma ya wuce. Na nuna wa yayata, ita ma ta daina ɗaukar faɗana da zafi, sai dai ta ce "yau kwana nawa?" mu yi dariya. Kai ma ka san ranar da take ragewa, a kwanakin nan ka ɗauke mata yara da hayaniya, maganar da za ta iya jira ka bar ta ta jira.

Sauran dabarun ƙanana ne. In zan waiwaya sai in juya da jikina gaba ɗaya a hankali, ba ido kaɗai ba, wutar ta fi sauƙi haka. Ranar jiri ba na tuƙi. Ba na barin cikina wayam, kaɗan-kaɗan nake ci saboda tashin zuciyar. Kofi na rage shi sosai don yana ƙara min bugun zuciya. Tafiyar ƙafa ta minti ashirin ta fi min komai a ranar da na ji kamar in fasa ihu. Kuma na koyi kar in rage a satin da nake da wani babban abu a gabana, jarrabawa ko tafiya ko rashin lafiyar wani. In ragi ya zo da zafi, tsayawa nake yi a wurin har sai na yi sati biyu cur lafiya. Da farko ina ganin tsayawar kamar faɗuwa ce, har da jin haushin kaina. Daga baya na ga duk lokacin da na yi gaggawa sai na biya da wata guda.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a mun gode, hirar ta yi amfani. Abu ɗaya zan ƙara kuma ba na wasa ba ne. Duk wanda a lokacin ragewa ya fara tunanin kashe kansa ko cutar da kansa, ko ya ji wata irin rashin natsuwa da ba ya iya zama wuri ɗaya sai kai da kawowa kamar ana tsikararsa daga ciki, ko ya yi kwanaki ba barci sam, wannan ba na littafi da tafiyar ƙafa ba ne. A ranar zai je asibiti, kuma ya gaya wa wani na kusa da shi kar a bar shi shi kaɗai. Sannan a tuna, a nan labari muke ba juna, adadin magani tsakanin mutum da likitansa ne.

Malama Uwar Biyu muna jiran labari.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je yau da safe ba tare da ranata ta yi ba, na zauna har aka gama da kowa. Da na fara bayani ya ce ai 25 ba wani abu ba ne, wataƙila damuwar ce ke son dawowa. Da a ce jiya ne da na yi shiru na karɓa. Sai na ciro takardar da na rubuta da daddare, kwana da kwana, na ce masa likita ranar Asabar na daina, ranar Talata ya fara, kuma wannan wutar ban taɓa jin ta ba ko a lokacin da na fi kowa ciwo. Ya karɓa ya karanta, ya yi shiru, sai ya ce in kwatanta masa wutar. Na kwatanta. Ya ce to, mun yi sauri. In koma 25 in zauna wata ɗaya, sannan mu sake tsari a hankali. Gaskiya ya kyauta, bai yi girman kai ba.

Sai dai ƙwayar 25 ɗin ƙarama ce ƙwarai, ban san yadda za a yi a fitar da 22 daga cikinta ba. Wata a wurin jira ta ce min ita sha take yi yau ta tsallake gobe. Hakan ya yi?

Mai Harhaɗa Magani:
Madalla. Tsallake rana kuwa ban ba ki shawara ba. Maganin da rabinsa ke fita cikin kwana ɗaya, in kina sha yau ki bar gobe, jininki hawa da sauka zai riƙa yi, kamar kina dainawa kina komawa sau uku a sati. Fluoxetine ne kaɗai ke ɗan jure irin wannan saboda daɗewarsa.

Ki tambaya ko ana samun na ruwa. Sertraline yana da shi, miligiram 20 a kowace mililita, ana aunawa da ƙaramin sirinji na baki, kuma dole a tsarma shi kafin a sha don yana da ƙarfi a harshe. In babu, akwai 'yar na'urar yanka ƙwaya, ta fi wuƙa daidaito nesa ba kusa ba, ana iya haɗa rabi da kwata a samu matakai. A Holand har wasu jerin ƙwayoyi ake haɗawa musamman, kowace rana ta ɗan fi ta gobe kaɗan. Masu shan kafso mai sakin magani a hankali, irin venlafaxine, su kuma kar su daka ko su tauna, kuma kar su ɗauka kowane kafso iri ɗaya ne a ciki: wani ƙananan ƙwayoyi ne da yawa, wani 'yan ƙwayoyi biyu ko uku. A tambayi mai ba da maganin tukuna.

Gaskiya Ɗaci:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakata, amma Allah ya ba ki lafiya Malama. Wata huɗu na yi ina sha, tunda an tambaya.

Mai Lissafi:
Ai ka ji.

Uwar Biyu:
Salam 'yan uwa, na dawo da labari bayan sati bakwai. Kwana biyu da komawa 25 wutar ta ɗauke ɗif, gumin ma haka. Barcin ne ya ɗauki kusan kwana goma kafin ya daidaita. Na yi watan nawa, an samo min na ruwan, yanzu sati uku ke nan ina kan 22. Kwana na huɗu da na biyar na ɗan ji jiri, kuma "zit" ya leƙo sau biyu da yamma, na rubuta a littafi na ba ranar maki shida. Babbar tawa ta ga ina auna magani da sirinji ta tsaya tana kallo, yanzu ita ce ke riƙe min kofi tana karanta min layin.

Tambaya ga Malam Mai Harhaɗa Magani: wani ɗan kumfa yana maƙalewa a cikin sirinjin in na zuƙo, ina ta bugun gefensa da farce ya ƙi tashi. Yana rage adadin ne, ko in ƙyale shi?

Mai Harhaɗa Magani:
Yana ragewa, tunda gurbin magani ya cinye. Ki mayar da shi cikin kwalbar gaba ɗaya ki sake zuƙowa a hankali, bakin sirinjin na cikin ruwan sosai. In ya sake fitowa, ki ɗaga bakin sama ki ɗan buga, ki tura iskar waje, sannan ki duba layin a daidai tsayin idonki.